Adireshin Alƙaliya a Kasuwa: Lamarin Esther Salas da Dokar Daniel a Jihar New Jersey

Da yammacin Lahadi, 19 ga Yulin 2020, wani mutum sanye da tufafin masu kai saƙo na kamfanin FedEx ya danna ƙararrawar wani gida a garin North Brunswick da ke Jihar New Jersey a Amurka. Gidan na Mai Shari'a Esther Salas ne, alƙaliyar kotun tarayya da ke zama a birnin Newark. Ɗanta Daniel Anderl, wanda shi kaɗai ta haifa, ɗalibi a wata jami'ar Katolika da ke Washington, wanda a ƙarshen makon nan aka yi bikin cikarsa shekara 20 a gidan, shi ne ya ruga ya buɗe ƙofar. Mutumin ya harbe shi har lahira, ya kuma ɗirka wa mijin alƙaliyar harsashi uku, wanda bai tsira ba sai bayan an yi masa tiyata sau da dama. Ita kanta tana ɗakin da ke ƙarƙashin gidan lokacin da abin ya faru.

Washegari aka tsinci gawar maharin a wani yankin karkara na Jihar New York, ya kashe kansa. Sunansa Roy Den Hollander, lauya ne mai shekara 72 wanda ya daɗe yana shigar da ƙararraki yana kukan an fifita mata a kan maza. Alaƙarsa da Salas ba ta wuce wata ƙara ta 2015 ba, wadda ke ƙalubalantar dokar da ta wajabta wa maza kaɗai yin rajistar aikin soja, kuma tun a 2019 ya fita daga shari'ar. A rubuce-rubucen da ya bari a intanet ya yi ta zaginta, yana goranta mata jinsinta da asalinta, kasancewar ita ce mace ta farko mai tushen Latin Amurka da ta hau wannan kujera a jihar. Masu bincike sun ɗora masa alhakin kisan wani lauya a Kalifoniya kwana takwas kafin wannan hari, daga baya kuma hukumar FBI ta gano cewa ya tara bayanai a kan Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙolin Amurka.

Ranar 3 ga Agusta, mako biyu bayan kisan, Salas ta fitar da saƙon bidiyo ga jama'a. Abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne hanyar da mutumin ya bi ya iso bakin ƙofarta. Ta ce ya san inda take zaune, ya san cocin da suke zuwa, yana da cikakken kundi a kanta da iyalinta, kuma ta yi nuni da cewa adireshin alƙalan tarayya yana nan a fili a intanet, ga kuma kamfanoni da sana'arsu ita ce sayar da irin waɗannan bayanai ga duk wanda ya biya. Maganarta ta zo a daidai lokacin da hukumar da ke gadin alƙalan tarayya ke cewa barazana da saƙonnin da ba su dace ba da ake aika wa ma'aikatan shari'a sun tashi daga 926 a 2015 zuwa 4,449 a 2019.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a yi nazarinsa, domin a cikin shekara biyar an gwada kusan kowace hanya ta fitar da adireshin mutum daga shafukan neman mutane, kuma an ga abin da kowace ta haifar.

Yadda hajar take samuwa

Shafuka irin su Whitepages, Spokeo, BeenVerified, Intelius, TruthFinder da Radaris ba kutse suke yi ba, kuma wannan ne ya sa maganinsu ya yi wuya. Mafi yawan abin da suke sayarwa daga rumbun gwamnati yake fitowa: takardun mallakar gida da ake ajiyewa a ofisoshin gundumomi, rajistar masu zaɓe wadda jihohi da yawa ke bayarwa ko sayarwa, bayanan shari'u, takardun aure da saki, lasisin sana'a da rajistar kamfanoni. Sai su haɗa wannan da abin da suke saya daga kamfanonin talla da sauran dillalan bayanai, da kuma abin da mutane suka wallafa da hannunsu a shafukan sada zumunta. Sakamakon shi ne shafi guda mai ɗauke da cikakken sunan mutum, shekarunsa, gidan da yake ciki yanzu da waɗanda ya taɓa zama, lambobin wayarsa, da sunayen matarsa, 'ya'yansa da surukansa. Wasu shafukan kyauta suke nuna adireshi, wasu kuma sai an biya 'yan daloli.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takardu, ita kaɗai, ba ta taɓa zama sirri ba. Bambancin shi ne a da sai mai nema ya san gundumar da zai dosa, ya taka da ƙafarsa zuwa ofis, ya cike takarda, ma'aikaci ya ga fuskarsa. Wannan wahalar ce ke kare mutane ba tare da an rubuta ta a wata doka ba, kuma ita ce shafukan suka kawar. Duk wanda ya zauna a Amurka na 'yan shekaru, ya kama haya, ya yi rajistar waya ko ya sayi gida, har da Hausawan da ke unguwar Bronx ta birnin New York da sauran birane, da wuya a rasa shi a ɗaya daga cikinsu. Lamarin ya bambanta da abin da aka gani a Najeriya a 2024, lokacin da ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan lambar shaidar ɗan ƙasa a kan naira 100. Wancan ɓaraka ce da ta saɓa wa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Na Amurka kuwa ciniki ne da doka ta halatta.

Amurka ba ta da wata doka guda ta tarayya da ke kare bayanan kowa da kowa irin wadda Tarayyar Turai ta fara aiki da ita a 2018. Akwai dokar 1970 da ke kula da rahotannin da ake amfani da su wajen ba da bashi, ɗaukar ma'aikaci ko ba da hayar gida, amma shafukan sun samu hanyar kauce mata: a ƙasan kowane shafi za a ga gargaɗi da ƙananan haruffa cewa an hana amfani da rahoton don waɗannan dalilai. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta ci tarar Spokeo dala 800,000 a 2012, ta kuma ci TruthFinder da Instant Checkmate dala miliyan 5.8 a 2023, amma a duka biyun laifin bai shafi sayar da adireshi ba. A lamarin 2023 hukumar ta bayyana wani abu da ya kamata a riƙe: maɓallin "cire" da ke jikin rahotannin yana ɓoye bayanin ne daga idon wanda ya danna shi kawai, sauran masu saye kuwa suna ci gaba da ganinsa.

Salas ba ita ce ta farko ba. A 1989 wani ya kashe 'yar fim Rebecca Schaeffer a Los Angeles bayan ya samo adireshinta daga rajistar motoci ta hannun wani mai bincike da ya biya, sai aka yi dokar 1994 da ta taƙaita sakin bayanan direbobi. A 1999 wani ya sayi adireshin wurin aikin Amy Boyer daga kamfanin Docusearch ya je ya harbe ta a New Hampshire. Tsarin da ƙasar ta saba bi shi ne a jira a yi kisa, a toshe ƙofar da makashin ya bi, a bar sauran a buɗe.

Hanyar da ke buɗe ga kowa

Mutumin da ba shi da wata kariya ta musamman, abin da yake da shi shi ne roƙo, shafi bayan shafi. Zai shiga, ya nemi sunansa, ya tantance wane ne shi a cikin masu irin sunansa, ya kwafi adireshin shafin da ke ɗauke da bayanansa, sannan ya nemo fom ɗin neman cirewa, wanda yawanci a can ƙasa yake cikin ƙananan rubutu. A Spokeo zai liƙa wannan adireshi, ya ba da imel, ya jira saƙon tabbatarwa ya danna. A Whitepages sai ya ba da lambar waya, na'ura ta kira shi, ya shigar da lambobin da aka nuna masa a allo. Wasu shafukan suna neman ranar haihuwa ko hoton katin shaida. Wato kafin a cire abin da aka tara a kan mutum ba da izininsa ba, sai ya ƙara wa mai tarawar sabon imel da lambar waya mai aiki, shi ya sa masu ba da shawara ke cewa a buɗe imel na daban don wannan aiki kaɗai. Idan mutum ya taɓa canja gida ko suna, yana iya tarar da kansa sau uku ko huɗu a shafi guda, kuma kowanne sai an nemi cire shi daban. Idan an cire nasa, adireshin yana iya ci gaba da bayyana a shafin matarsa ko ɗansa.

Akwai ɗan sauƙi a wasu wurare. Intelius, TruthFinder, Instant Checkmate da US Search duk na kamfani ɗaya ne, PeopleConnect, kuma fom guda yana shafar su duka. Google ma tun 2022 yana da wata kafa mai suna Results about you, wadda ke ba mutum damar neman a cire sakamakon binciken da ke nuna adireshinsa ko lambar wayarsa, sai dai wannan yana ɓoye hanyar zuwa shafin ne kawai, shafin da kansa yana nan. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2025 'yan jaridar The Markup da CalMatters sun gano cewa fiye da dillalan bayanai 30 sun sanya wa shafukansu na neman cirewa wani umarni da ke hana su fitowa a binciken Google.

Babbar matsalar ita ce dawowa. Cirewa daga shafi ba ta taɓa takardar da ke ofishin gunduma, ba ta kuma taɓa rumbun dillalin da shafin ke saye daga wurinsa. Da zarar shafin ya sabunta bayanansa, ko aka samu ɗan bambanci wajen rubuta suna, sai na'ura ta ɗauka sabon mutum ne ta buɗe masa sabon shafi. Aikin ya yi kama da sassabe a tsakiyar damina ba tare da tumɓuke saiwa ba, kuma wanda ya fara shi dole ya riƙa komawa bayan 'yan watanni.

Wannan gajiya ce ta haifar da wata sana'ar, ta kamfanonin da ake biya kuɗi a shekara su yi roƙon a madadin mutum. A watan Agustan 2024 ƙungiyar Consumer Reports ta wallafa gwajin da ta yi da mutum 32, shafukan neman mutane 13 da kamfanonin cirewa bakwai. Daga cikin bayanai 332 da aka samu na waɗanda aka yi wa rajista da kamfanonin, 117 kawai aka cire cikin wata huɗu, wato kashi 35 cikin ɗari, yayin da cike fom da hannu ya yi nasarar kusan kashi 70 cikin ɗari. Biyu daga cikin kamfanonin, EasyOptOuts da Optery, sun kusa kamo wannan adadi, wasu kuwa ba su taɓuka abin kirki ba. Watanni kaɗan kafin nan, ɗan jarida Brian Krebs ya nuna cewa shugaban ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, Onerep, shi ne ya kafa shafukan neman mutane da dama, ciki har da Nuwber, abin da ya sa Mozilla, mai manhajar Firefox, wadda ke haɗin gwiwa da Onerep, ta sanar da cewa za ta raba gari da kamfanin.

Abin da New Jersey ta canja

Ranar 20 ga Nuwamban 2020, wata huɗu bayan kisan, Gwamna Phil Murphy ya sa hannu a kan dokar da aka yi wa laƙabi da Dokar Daniel. Ta shafi alƙalai, masu gabatar da ƙara da jami'an 'yan sanda, masu ci da waɗanda suka yi ritaya, tare da iyalan da ke zaune gida ɗaya da su. Da farko dokar ta fi ƙarfi a takarda fiye da a aikace, sai da aka yi mata gyara har sau biyu masu muhimmanci. Gyaran farkon 2022 ya kafa ofishi na musamman a gwamnatin jihar, inda wanda dokar ta shafa zai yi rajista don a goge adireshinsa daga takardun da hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi ke wallafawa. Wannan ya taɓa tushen da shafukan ke sha daga gare shi. Gyaran 2023 ya ƙara masu binciken cin zarafin yara cikin waɗanda ake karewa, ya wajabta wa kotu ta ba da diyyar da ba ta gaza dala 1,000 ba a kan kowane saɓawa, ya kuma ba mutum damar miƙa haƙƙinsa na kai ƙara ga wani. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: idan rubutacciyar sanarwa ta isa hannun kamfani, yana da kwanakin aiki goma ya daina nuna adireshin gida da lambar wayar da ba a wallafa ba.

A matakin tarayya abin ya ɗauki fiye da shekara biyu. Sanata Rand Paul ya riƙe ƙudirin na wani lokaci yana neman a sa 'yan majalisa cikin waɗanda za a kare, daga ƙarshe aka cusa shi cikin dokar kasafin tsaro, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a Disamban 2022. Dokar mai ɗauke da sunan Daniel Anderl ta haramta wa dillalan bayanai sayar da bayanan alƙalan tarayya da iyalansu da saninsu, ta kuma ba hukumomin gwamnati da sauran masu wallafawa awa 72 su cire idan an nema.

Damar miƙa haƙƙin ƙara ita ce ta motsa lamarin a New Jersey. Ɗan sanda guda ba zai ɗauki lauya don neman dala 1,000 ba, amma kamfanin da ya tara haƙƙin dubban 'yan sanda zai yi. Wani kamfani mai suna Atlas Data Privacy ya yi wa jami'ai kusan 20,000 rajista, ya aika sanarwar cirewa a madadinsu, kuma a Fabrairun 2024 ya shigar da ƙararraki fiye da 100 a kan dillalan bayanai da ya ce sun bar wa'adin ya wuce. Idan aka ninka dala 1,000 da wannan adadi, kamfani guda yana iya fuskantar kusan dala miliyan 20, kuma a nan ne masu sana'ar suka fara ɗaukar takardar neman cirewa da muhimmanci.

Kamfanonin sun kare kansu ta fuska biyu. Sun ce an yi musu ruwan dubban saƙonni cikin 'yan makonni da gangan don su kasa cika wa'adi, kuma Atlas riba yake nema. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, domin Atlas ba ƙungiyar agaji ba ce. Amma ƙorafin yana da rauni idan aka tuna cewa waɗannan kamfanoni ne da suka gina na'urorin da ke haɗiye miliyoyin bayanai ba tare da hannun mutum ba. Idan shigarwa tana tafiya da kanta, cirewa kuma sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya, to zaɓi ne aka yi wajen gina tsarin, ba gazawar fasaha ba. A watan Maris na 2024 ma wasu jami'ai fiye da 18,000 sun kai ƙarar LexisNexis, suna zargin cewa bayan sun nemi a cire bayanansu sai kamfanin ya daskarar da rahotanninsu na neman bashi.

Fuska ta biyu ta fi nauyi: sun ce dokar ta take 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin Amurka ya tanada, domin tana hukunta wanda ya faɗi gaskiyar da ya samu ta halastacciyar hanya. Tun da alƙalan New Jersey suna cikin waɗanda dokar ke karewa, sai aka ɗauko Mai Shari'a Harvey Bartle daga Pennsylvania ya saurari ƙararrakin da suka koma kotun tarayya. A Nuwamban 2024 ya ƙi soke dokar, yana mai cewa doka ce ta kare sirri, kuma buƙatar jiha ta tsare rayukan jami'anta ta rinjayi amfanin da jama'a za su samu daga sanin lambar gidan alƙali. Kamfanonin sun ɗaukaka ƙara, a Satumban 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙarar ta miƙa tambaya ga Kotun Ƙolin Jihar New Jersey kan ko dokar tana buƙatar a tabbatar da sakaci ko ganganci kafin a ci mutum tara. A West Virginia, wadda ta kwaikwayi dokar ba tare da sharaɗin aika sanarwa tukuna ba, wani alƙalin tarayya ya soke sashen da ya shafi kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane a Agustan 2025. Wannan ya nuna cewa sanarwa da wa'adi su ne ƙashin bayan dokar New Jersey a gaban kotu.

Dokar ta kuma ci wanda ba dillali ba. Charlie Kratovil, editan wata ƙaramar jarida a New Brunswick, ya gano daga rajistar masu zaɓe cewa daraktan 'yan sandan birnin yana zaune ne a Cape May, tafiyar fiye da awa biyu daga wurin aikinsa, abin da mazauna birnin ke da haƙƙin sani. Da ya tayar da maganar sai aka aiko masa da takardar gargaɗi a ƙarƙashin Dokar Daniel. A Yunin 2025 Kotun Ƙolin New Jersey ta yanke cewa yana iya rubuta garin da jami'in yake zaune, amma ban da ainihin adireshin. Hukuncin yana da ma'ana a wannan lamari, tun da labarin nisan ne ba lambar gida ba, sai dai ba wuya a hango ranar da wani jami'i zai fake da dokar don hana a bincika gidan da ya mallaka da kuɗin da bai dace da albashinsa ba.

Inda kariyar ta tsaya

Ko ga alƙalan da dokoki biyu ke karewa, cirewa ba ta mayar da adireshi sirri. A 2025 alƙalan tarayya da dama sun fara samun abincin fiza (pizza) da ba su yi oda ba a ƙofar gidajensu, wasu kuma an aiko su ne da sunan Daniel Anderl, kamar yadda Salas da kanta ta bayyana wa manema labarai. Saƙon a fili yake: mun san gidanka, kuma ka san abin da ya faru da wancan. Bayanin da ya shafe shekaru yana yawo, an kwafe shi an sayar an sake sayarwa, doka tana iya rage masu nuna shi, amma ba ta iya karɓo shi daga hannun wanda ya riga ya ajiye.

Ranar 14 ga Yunin 2025 wani mutum da ya yi shigar ɗan sanda ya kashe Melissa Hortman, tsohuwar kakakin majalisar wakilan Jihar Minnesota, tare da mijinta a gidansu, bayan ya harbi sanatan jihar John Hoffman da matarsa a nasu gidan. A takardar rantsuwar da FBI ta gabatar wa kotu an ce an samu littafin rubutu na wanda ake tuhuma ɗauke da jerin shafukan neman mutane 11. 'Yan majalisar jiha ba sa cikin dokar tarayya ta 2022. Amma ya kamata a faɗi ɗaya gefen: jaridu sun ruwaito cewa adireshin waɗannan 'yan majalisa biyu yana nan a shafukan yaƙin neman zaɓe ko na majalisa, don haka rufe shafukan dillalai kaɗai da bai isa ya ɓoye su ba.

Wadda aka fi bari a baya ita ce matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta, ko wanda wani ya addaba da bibiya. Haɗarin da ke kansu bai gaza na alƙali ba, yawansu kuma ya ninka na alƙalai nesa ba kusa ba, amma ba su da ƙungiyar ma'aikata ko kujerar da za ta sa majalisa ta saurare su cikin wata huɗu. Yawancin jihohi suna da shirin ba irin waɗannan mutane adireshin aro da za su riƙa bai wa hukumomi, wanda Jihar Washington ta fara a 1991, sai dai shirin yana hana sabon gida shiga takardun gwamnati ne kawai, ba ya tilasta wa kowane shafi goge komai a mafi yawan wurare. A matakin tarayya, hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta gabatar da wata ƙa'ida a Disamban 2024 da za ta sa dillalan bayanai ƙarƙashin dokar 1970, amma aka janye ta a Mayun 2025.

Kalifoniya ce ta ɗauki darasin New Jersey, wato wa'adi da tara, ta shimfiɗa shi ga kowane mazaunin jiha ba tare da duba muƙaminsa ba. Dokar da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Oktoban 2023 ta umarci hukumar kare sirri ta jihar ta gina kafa guda, mai suna DROP, inda mutum zai shigar da buƙatarsa sau ɗaya ta isa ga dukkan dillalan da ke da rajista a jihar, waɗanda sun kai kusan 500. An tsara mazauna su fara shigar da buƙata daga Janairun 2026, dillalai kuma daga 1 ga Agustan 2026 su riƙa duba kafar aƙalla sau ɗaya a kowane kwana 45 suna gogewa, har da abin da suka sake tarawa bayan gogewar farko, wanda ya ƙi kuma tarar dala 200 ce a kowace rana kan kowace buƙata. Sharaɗin maimaitawar shi ne ya tunkari matsalar dawowa kai tsaye, abin da roƙon hannu da kamfanonin cirewa da ake biya suka kasa. Amma dokokin sirri na Kalifoniya ba sa lissafa abin da aka samo ta halal daga takardun gwamnati na fili a matsayin bayanan da mutum ke da ikon sa a goge, kuma takardar mallakar gida, wadda ke ɗauke da suna da adireshi a layi ɗaya, tana cikin wannan rukuni.